Na Gaya wa Likitoci Abin da Ƙanwata Ba Ta Faɗa Ba

Hajiya Ɗaso, assalamu alaikum. Don girman Allah ki karanta takardar nan har ƙarshe, ki amsa min kafin Talatar makon sama, domin ranar zan tsaya gaban alƙali kuma har yanzu ban san abin da bakina zai faɗa ba. Daga Makka nake rubuto miki, unguwar Kudai. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakanmu ne ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa bai koma ba. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, za ki ga dalili da kanki.

Maganar ƙanwata ce, Maryama, shekararta talatin da uku. Ba haka aka haife ta ba, ina so ki san wannan tun farko, don ina jin haushin masu kallonta suna cewa, "Allah sarki, tun tana ƙarama?" Maryama ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ita ce ta yi karatu har ta koyar a makarantar 'yan mata, ni da ƙyar na gama sakandare. Shekara huɗu da suka wuce ta zo haihuwar fari, jijjiga ta kama ta, ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta san inda kanta yake ba. Yaron bai zo da rai ba. Da ta farfaɗo, hankalinta ya koma na 'yar shekara shida ko bakwai. Tana ci da kanta, tana wanka, tana salla in an tsaya kusa ana tuna mata raka'a, amma ba ta bambance jiya da gobe. Larabcin da ta koyar da shi ya ɓace mata ƙaf, sai Hausa. Hausar ma irin ta marigayiya Innarmu, Sakkwatanci tsantsa, wanda da ba ma yin sa sai in muna kwaikwayon Inna don mu yi dariya.

Mijinta Hadi, tsakani da Allah, bai guje ta ba. Danginsa sun ce ya sawwaƙe mata, ya ce ko da wasa. To bara sai ga wani cikin. A wata na huɗu jininta ya hau, cikin ya zube, sai da aka ƙara mata jini leda shida. Likitar ba ta yi mana kwana-kwana ba, ta ce ciki na uku zai iya tafiya da ita. An ba ta ƙwayar hana ɗaukar ciki, sai ta ɓoye a kunci ta tofar bayan an juya baya. Allura kuwa sai mutum huɗu sun danne ta tana ihu, har maƙwabta na leƙowa. Shi ne ƙanenmu Lurwanu, wanda kotu ta ba takardar waliccinta tun da ta samu larurar, ya nemi a juya mata mahaifa gaba ɗaya, kowa ya huta. Asibiti suka ce ba za su taɓa ta ba sai kwamitin likitoci ya duba ta, alƙali kuma ya ba da izini. Ni ma na goyi bayan Lurwanu, ban ɓoye miki ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa ɗan Adam ba. Ina da shekara bakwai Inna ta kai mu ganin gida can ƙasar Sakkwato, ni da ƙanwata Tahani, 'yar shekara biyu. Ƙyanda ta kama Tahani a can, kwana huɗu ta cika, aka rufe ta a bayan gari. A watan ne kuma ƙanwar Inna ta rasu ta bar yarinya kusan sa'ar Tahani. Inna tana da sauran nono, ta ɗauke ta ta sa mata. Da za mu dawo, sunan Tahani na nan a fasfon Inna, sai ta goyo marainiyar a matsayinta. Baba ya tarye mu a Jidda, ya buɗe goyon ya daɗe yana kallo, ya karɓe ta ya ɗora a kafaɗa, kuma har ya koma ga Allah ban ji ya ɗaga maganar ba. Wannan yarinyar ita ce Maryama. A gida muna kiran ta da sunanta na yanka, kowa ya ɗauka laƙabi ne. A makaranta, a katin ɗan ƙasa, a takardar aure, a fayil ɗin asibiti, Tahani ce. Ba wanda ya taɓa yi mana gaisuwar Tahani a garin nan, don a takarda ba ta mutu ba. Inna ta ja min kunne ta ce ranar da na faɗa, ranar za a kwashe mu duka a jirgi. Ita Maryama sai da Inna tana kan gargara, shekara shida ke nan, ta gaya mata a gabana. Ta yi kukan yini ɗaya ba ta ƙara tayar da zancen ba. Lurwanu bayan dawowarmu aka haife shi, bai sani ba. Hadi ma bai sani ba.

Tun da cikin nan na biyu ya zube, sai Maryama ta fara zuba abinci a ƙaramin faranti tana ajiyewa gefenta. In an tambaya ta ce na Tahani ne. Hadi dariya yake yi, yana cewa ta raba kanta biyu don ta ci rabo biyu. Ni kuwa ranar da na fara ji, cokali ya faɗi daga hannuna. Mun kai ta ruƙya wurin malamai uku. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba, ta zauna tsaf tana cewa amin, har na ƙarshen ya ce shi bai ga komai a jikinta ba.

Hadi a Mina yake aiki, gyaran na'urorin sanyaya tantuna, shekara zagaye. In bai samu mai zama da ita ba sai ya tafi da ita ya ajiye ta a ɗakin masu gadi, duk sun san ta. Hajiya, wanda ya san Mina a kwanakin jifa kawai bai san Mina ba. Ki zo a Rajab ki gani. Fararen tantuna iyakar ganinki, layi bayan layi, ba mutum, ba mota, ko mage babu. Sai iska tana kaɗa tamfol, ki yi ta waiwaye kina zaton wani ne ya ɗaga labule. Wata rana da azahar Hadi ya kira ni a gigice, wai ya je ya dawo bai gan ta ba. Na tari tasi na je, muka rabu, shi ya yi gabas ni na yi yamma. Na fi rabin awa ina leƙa tanti bayan tanti, kowanne fayau, sai katifu a jere an naɗe. Muryarta na jiyo, ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin yaro.

Na ɗaga labulen na same ta zaune ta miƙe ƙafa, ta kwaɓa lalle a murfin kwalba da ruwan da take sha. Ta ce, "Yaya, ki yi sallama mana, ba ni ɗai ba ce." Wallahi na yi sallamar, ban san lokacin da ta fito ba. Hannunta na hagu a ɗage kamar ta tallafo wani ɗan hannu, tana ɗebo lallen da yatsa tana ɗorawa a iska, yana ɗiga a kan darduma. Tana yi tana ƙirgawa. Ta kai biyar, sai ta ce, "Tsaya mana, saura ƙaramin," ta ɗora na shida. Na dubi dardumar, ɗigo shida ne a jere, faɗinsu bai wuce tafin yaro ba. Hajiya, Tahani cindo gare ta a hannun hagu. Ni na sani don ni nake wasa da shi. Maryama ba ta taɓa ganin ta da wayo ba, ba mu da hotonta ko ɗaya, Inna ta ƙona su, kuma ranar da Inna ta yi bayani ina wurin daga farko har ƙarshe, ba ta ambaci yatsa ba.

Na daure na ce ta tashi mu tafi. Ta ce min, ko ɗar babu a fuskarta, "Ta ce na ci sunanta, na sha nononta, na kwana shimfiɗatta. Ta ce ba ta riƙe ni ba. Wuri ɗai taka so ta shigo." Ta dafa cikinta. Ana wannan zafin na Makka amma ni sanyi nake ji har cikin haƙorana. Na murje lallen da takalmina kafin Hadi ya ƙaraso.

To ga laifina. Sana'ata tafinta ce. Duk Hajji shekara goma sha biyar ke nan ina tsayawa tsakanin alhazanmu da likitoci. Mu tafintoci muna da wata ɗabi'a, gyara magana muke ce mata. Tsoho zai zauna ya ba ki labarin tun daga ranar da ya sayar da sansa har abin da ya ci a jirgi, ke kuma ki juya ki ce wa likita, "Ciwon ciki, kwana uku." Layi na jira, ba wanda yake ganin laifinki, har yaba miki ake yi. Ranar da kwamiti ya zauna, biyu daga cikin likitocin uku sun san ni, suka ce ai ba sai an nemo wani ba, ga ki. Babbansu ya zana hoto a takarda, ya yi bayani a hankali, sannan ya ce in tambaye ta ko ta gane, ko ta yarda. Na tambaye ta yadda ya faɗa, ban rage komai ba. Maryama ta juya ta dubi wata kujera da ba kowa a kai kusa da ƙofa, ta karkata kai kamar mai sauraro, ta gyaɗa, sannan ta ce, "Tahani ta ce a'a. Ta ce kar a rufe mata ƙofa."

Na buɗe baki na ce musu da Larabci, "Ta ce duk abin da yayarta ta ce shi ne." Ko numfashi ban ja ba, haka ya fito sumul, kamar yadda na saba. Macen cikinsu ta dubi kujerar ta dube ni, ta ce me take kallo a can, na ce haka take yi. Suka rubuta cewa ba ta fahimtar al'amarin kuma ba ta nuna ƙi ba. Lurwanu na zaune, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da ina kwana ba, bai ji komai ba.

A hanyar gida muna bayan mota ni da ita, Lurwanu na tuƙi. Muna shiga ramin dutsen da ke fitowa Kudai, haske ya ɗauke, sai na ji numfashinta a kunnena. Ta ce, "Yaya, mi kinka ce musu? Tahani na jin Larabci." Da muka fito haske tana wasa da igiyar jakarta.

Yau kwana ashirin. Ba ta yi fushi da ni ba, da ma ta yi. Har yanzu tana kwantar da kai a cinyata in shafa mata mai. Amma ƙaramin farantin nan yanzu kusa da ni take ajiye shi, kuma in tana min magana ba idona take kallo ba, sai ɗan bayan kafaɗata. Na je Harami na yi ɗawafi na yi kuka, na dawo da abina. Shekaranjiya da la'asar na kama kaina ina tattare gefen abayata kafin in zauna, wai kar in danne wani. Ni da nake yi wa mata dariya in suna zancen iskoki!

Alƙali ya ce yana so ya gan ta da idonsa ranar Talata, Lurwanu kuma ya riga ya ba da sunana a matsayin mai fassara. In na maimaita ƙaryar za a yi aikin, Maryama ta rayu, amma da bakina aka rufe mata haihuwa har abada bayan ta ce a'a. In na faɗi abin da ta ce, alƙali zai tambaya wace ce Tahani in ba ita ba, kuma ban san inda wannan tambayar za ta tsaya ba. Yana iya hana aikin, ciki na uku ya zo, in wanke ta da hannuna. Gaba kura baya siyaki. Kuma bari in faɗa miki wadda ta fi muni: na gaji. Ni na yi zaman asibiti sau biyu, ba zan iya na uku ba, kuma ina tsoron ba don ita na yi ƙaryar ba, don kaina na yi. Ina kuma jin haushin Hadi, ai ba iska ce ta yi mata cikin ba. Lurwanu ya taɓa yi masa hannunka-mai-sanda, sai Hadi ya ce matarsa ce, in ya kwana a falo kuka take yi. Ni ba ni da fuskar yi masa wannan zancen.

Hajiya, abin da take gani ɗin nan mene ne? Kuma ranar Talata me zan ce? Ki taimake ni, Allah ya taimake ki.

Taki, Tafinta, Kudai, Makka.

Wa alaikumus salam, 'yata Tafinta.

Na karanta takardarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ya fi tsorata ki, don mai tsoro ba ya jin shawara. Tahani ta rasu tana 'yar shekara biyu, alƙalami bai hau kanta ba, tana cikin rahamar Ubangijinta. Ba ta yawo a tantunan Mina, ba ta neman ƙofa a cikin kowa, ba ta bin kowa haƙƙi. Batun yatsa na shida, kin ce kina wurin ranar da Inna ta yi bayani. To, sauran shekara ashirin da wani abu da Maryama ta yi tana kwana ɗaki ɗaya da uwar da ta binne 'ya ba a yi mata gaisuwa ba, duk kina wurin? Uwa tana sa wa yarinya lalle ta yi suɓul da baka, yarinya ta ajiye a inda ita kanta ba ta sani ba. Ba zan rantse miki haka aka yi ba, gaibu sai Allah. Amma wannan ya fi kusa da hankali, kuma malamai uku sun duba, na ƙarshensu ya ce bai ga komai ba. Abin da nake gani shi ne mace da aka ɗora wa nauyi a bakin gadon mutuwa, ta yi kukan yini ɗaya ta haɗiye, yanzu ciwo ya cire mata ƙarfin haɗiyewa.

Maganar da ta yi miki a mota kuwa, ni ba ta ba ni tsoro ba, murna ta ba ni. Maryama ce ta ji abin da kika faɗa da Larabci, ta gane kin sauya shi, ta kuma jira sai da ba mai ji sannan ta tambaye ki. Wadda ta iya wannan, akwai sauran fahimta a tare da ita fiye da abin da kwamitin ya rubuta, kuma a kan fassararki suka rubuta.

Lurwanu ba mugu ba ne, ke ma ba muguwa ba ce. Likita ta ce ciki zai iya kashe ta, wannan ba abin wasa ba ne, kuma kare rai yana gaba. Gajiyarki ma ba zunubi ba ce, wanda bai yi jinya ba ne yake raina ta. Amma an kai maganar gaban alƙali ne don kar 'yan'uwa masu tsoro da gajiya su yanke ta su kaɗai. Ke kuma kin riga shi yankewa, kin miƙa masa ya sa hannu. Taƙaita wa likita labarin tsoho daban, mayar da a'a ta zama i daban. Wannan shaidar zur ce, ba zan sa mata wani suna ba, kuma kar ki ƙara.

Ga abin da za ki yi. Gobe, ba jibi ba, ki nemi lauya a nan inda kike, wanda ya san sha'anin walicci da na takardun ɗan ƙasa, ki gaya masa duka biyun, ƙaryar da kuma sirrin Inna. Ni ba lauya ba ce, balle ta ƙasarku, ba zan yi miki kintacen abin da doka za ta ce a kan sunan ba. Abin da aka yi kina 'yar shekara bakwai ba ke kika yi ba, ita kuma tana goye aka yi, amma yadda za a fuskance shi aikin masani ne, kar ki shiga kotu ba ki ji ta bakinsa ba. Ki roƙe shi ya nemi a ɗaga zaman. Ki janye daga fassarar, a kawo tafintan da ba dangi ba, domin 'yar'uwa mai ra'ayi a magana ba ta dace ta zama bakin mai maganar ba. Ki sanar cewa fassarar farko ba daidai ba ce, ki nemi a sake duba ta, a zama fiye da ɗaya, a wurin da ta saba, tare da likitan ƙwaƙwalwa. Za ki ji kunya, mai yiwuwa aikinki na Hajji ya taɓu. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Sannan ku tambayi likitarta, tsakanin ƙwayar da take tofarwa da aikin da ba ya warwaruwa babu komai ne? Akwai abin da ake sawa a hannu, wanda mata ke kira ashana, akwai robar mahaifa, suna yin shekaru kuma ana cire su. Likita ce za ta ce wanne ya dace da mai hawan jini, ba ni ba. In akwai wanda zai kare ta, ban ga dalilin fara wa da na har abada ba. In likitoci suka ce babu, to alƙali ya yanke da idonsa a buɗe.

Hadi kuma. Na yaba masa da bai gudu ba, amma ba daidai ba ne a taru a kan jikin marar lafiya alhali mai lafiyar yana gefe ba a ce masa komai ba. Ya riga ya ga abin da ciki ya yi mata sau biyu. Yana iya kwana kusa da ita ya lallashe ta ba tare da ya jefa ta a haɗari ba, har a warware maganar. Akwai ma tambayar da ta fi wannan nauyi, ta ko Maryama a halin da take tana gane abin da take yarda da shi a shimfiɗa, wannan ya zauna da malami da likita su gaya masa gaskiya. Ba ke za ki faɗa masa ba, Lurwanu ya samu dattijon da Hadi ke jin nauyinsa. Shi Lurwanu kuwa, waliyyi ne da ke yanke hukunci a kan abin da bai san rabinsa ba. Bayan kin ga lauya, ki zaunar da shi ki gaya masa yana da yaya da ta rasu.

Ku kuma yi wa yarinyar nan Tahani abin da ba a yi mata ba shekara talatin da ɗaya. Ku ambace ta a cikin gidanku da sunan marigayiya, ku yi sadaka, ku yi wa Inna addu'a, a gaban Maryama. Ki gaya mata da ƙananan kalmomi, yau da gobe da jibi, cewa nonon da ta sha rabonta ne, ba ta ƙwace wa kowa komai ba. Kar ki ƙwace farantin, ki bari ta daina da kanta.

Amma kafin lauya, kafin Lurwanu, kafin alƙali, akwai wadda za ki fara zuwa gabanta. Ta yi miki tambaya kwana ashirin ke nan ba ki amsa ba. Ki zauna ƙasa daidai da ita ki ce, Maryama, na ji abin da kika ce ranar nan, na faɗa musu wani abu daban, ƙarya na yi, ki yafe min. Sannan ki tambaye ta abin da ita take so, ki yi shiru ki jira komai daɗewa. Ki shirya, tana iya sake cewa a'a. Alƙali ma yana iya jin a'ar tata ya auna ta da ranta, ya yanke saɓanin abin da take so, kuma in don ceton ranta ne ba zan zarge shi ba. Amma ya zamana ya ji ta. Ciwo ya karɓe mata ɗa, ya karɓe aiki, ya karɓe harshe guda. Abin da ya rage mata shi ne in ta yi magana a isar da ita yadda ta faɗa, kuma ke ta miƙa wa wannan don ke ce yayarta.

Allah ya ba Maryama lafiya ya tsare ranta, ya jiƙan Inna da Baba da Tahani, ya ba Hadi da Lurwanu haƙuri da basira. Ke kuma Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya ranar da za a tambaye ki.

Hajiya Ɗaso.